Furotin marasa tsayayyar siffa a jikin tsutsar tsargiya

Tsutsar tsargiya, wadda masana ke kira Schistosoma, tana zaune ne a jijiyoyin jinin mutum, wani lokaci shekaru da dama. Theodor Bilharz ya gano ta a Alƙahira a 1851. Jinsin haematobium shi ke kawo fitsarin jini, cutar da aka sani sosai a ƙasar Hausa, shi kuwa mansoni hanji da hanta yake yi wa ɓarna.

A 2009 aka wallafa kundin gadon mansoni, wato jerin DNA ɗinsa, aka ƙirga ƙwayoyin gado akalla 11,809. Daga nan masu bincike suka samu damar bin jerin furotin ɗin tsutsar ɗaya bayan ɗaya a kwamfuta, suna neman waɗanda ba su da tsayayyar siffa.

A da an ɗauka cewa furotin ba ya aiki sai ya naɗe ya zama siffa guda, kamar makulli da kwaɗonsa. Daga baya aka gane cewa wasu ba sa naɗewa ko kaɗan, suna lilo ne kamar igiya a ruwa, kuma suna aikinsu a haka. Wani sai ya haɗu da abokin aikinsa sannan ya ɗauki siffa. Ana gane irinsu daga jerin amino asid ɗinsu, wato tubalan da ke gina furotin: furolin, serin, lisin da gulutamik asid sun yi yawa, masu ƙin ruwa irin su tiriftofan sun yi ƙaranci. Manhajoji kamar IUPred, PONDR da DISOPRED da wannan suke hasashe. A AlphaFold kuwa, manhajar da ke hasashen siffar furotin, makin amincewa da ya gaza 50 yakan nuna irin wannan sashe.

Inda batun ya fi ɗaukar hankali shi ne rukunin MEG. Waɗannan ƙwayoyin gado ne masu gutsatsari ƙanana ƙwarai, galibi harafin DNA 6 zuwa 36 kowanne, kuma tsawon nasu yana rabuwa da 3. Da yake uku-uku ake karanta haruffan, tsutsar na iya tsallake gutsure ɗaya ba tare da karatun sauran ya lalace ba, ta fitar da furotin iri-iri daga tushe guda. Da yawansu daga glandin maƙogwaronta suke fitowa, daidai inda jinin da ta haɗiya ke wucewa da mayaƙan garkuwar jiki a ciki. An gwada MEG-14 a ɗakin bincike, aka tabbatar ba shi da tsayayyar siffa, kuma yana manne wa furotin ɗin mutum mai suna S100A9, wanda ke da hannu a kumburi.

Sai dai hasashen kwamfuta ba gwaji ba ne, kuma manhajojin kan saɓa wa juna. Ga masu haɗa magani ma lamarin na da wuya, domin furotin mai lilo ba ya ba da kogon da magani zai shiga ya zauna. Har yanzu praziquantel ne kusan maganin da ake dogaro da shi.