Waiwaye: Yadda Big East ta kori Jami'ar Temple, ta kuma dawo tana neman ta

A ƙwallon ƙafa irin ta Amurka da jami'o'i ke bugawa, babu tsarin faɗuwa zuwa rukunin ƙasa irin wanda masu kallon Firimiya suka saba da shi. Kusan kowace jami'a tana cikin wata ƙungiyar gasa, kuma ko shekara goma ta yi tana kwasar kashi a hannu, kujerarta tana nan. Shi ya sa abin da ya faru da Jami'ar Temple ta birnin Filadelfiya ya zama abin tunawa: takwarorinta ne suka zauna a 2001 suka kaɗa ƙuri'ar fitar da ita daga ƙungiyar gasarsu, Big East.

An kafa Big East a 1979 saboda ƙwallon kwando. Sai a 1991 ta buɗe gasar ƙwallon ƙafa, ta gayyato jami'o'i don a cika adadi. Temple tana cikinsu, amma da ƙafa ɗaya ta shiga. Ƙwallon ƙafa kawai take bugawa a nan, sauran wasanninta, har da kwandon da koci John Chaney ya ɗaga darajarsa, suna ƙungiyar Atlantic 10. Rutgers da West Virginia da suka shigo da irin wannan matsayi sun zama cikakkun mambobi a 1995, Virginia Tech ta bi sahu a 2000. Aka bar Temple ita kaɗai a zaure, ba ta shiga cikin gida ba.

A fili kuwa abin ba daɗin ji. Daga 1991 zuwa 2004 wasa 14 ta ci a gasar, aka doke ta sau 80, ba ta kuma taɓa kammala kaka da nasara fiye da rashi ba. Akwai dai ranar da ta je har gidan Virginia Tech a 1998 ta yi nasara da ci 28 da 24, abin da har yau magoya bayanta ke labari.

Sai dai rashin nasara shi kaɗai ba ya korar kowa. Rutgers ma ta sha wuya a shekarun nan, ba wanda ya taɓa ta. Matsalar Temple ta kuɗi ce. A lokacin ba ta da filin kanta, haya take yi a Veterans Stadium, katafaren filin da ke ɗaukar mutum sama da 60,000, 'yan kallonta kuma su ɓace a ciki kamar an zuba tsaba a faifai. Tashoshin talabijin ba sa son nuna kujeru fayau, ƙungiya kuma da kuɗin talabijin take rayuwa, a ƙarshen kaka a raba da kowa. Sauran jami'o'in suka ga Temple tana sa hannu a akushi ba ta kawo cefane. Suka zarge ta da ƙarancin 'yan kallo, rashin tasiri a fili, da rashin zuba jari daga hukumar jami'ar. Tunda ba cikakkiyar mamba ba ce, sallamarta ba ta yi wuya ba.

An ɗaga mata ƙafa har ƙarshen kakar 2004. A 2005, tana zaman kanta, ta buga wasa 11 ba ta ci ko ɗaya ba. Al Golden ya karɓi horarwa a 2006, Temple ta shiga ƙungiyar MAC a 2007, a 2009 ta ci wasa 9 ta kuma samu gurbin wasan ƙarshen kaka na farko tun 1979.

A can Big East kuwa gida ya fara tsiyaya. Miami da Virginia Tech sun koma ƙungiyar ACC a 2004, Boston College ta bi su a 2005. Da West Virginia ta tattara zuwa Big 12, sai jadawalin 2012 ya samu giɓi, aka rasa mai cikewa da gaggawa in ba Temple ba. Ta dawo a shekarar. Bayan shekara guda ɓangaren ƙwallon ƙafar Big East ya sauya suna zuwa American Athletic Conference, inda Temple ta ɗauki kofi a 2016 bayan ta doke Navy, makarantar sojin ruwan Amurka, a hannun koci Matt Rhule.

Irin wannan sallama ta sake faruwa a 2016, lokacin da ƙungiyar Sun Belt ta ƙi sabunta zaman Idaho da New Mexico State bayan kakar 2017. Su ma ƙwallon ƙafa kawai suke bugawa a ƙungiyar, ga nisan tafiya. Idaho da kanta ta zaɓi sauka mataki na ƙasa, ta koma ƙungiyar Big Sky a 2018.