Waiwaye: Baburan Daji Masu Batir da Shekarun Dumsor a Kumasi

A majalisun Aboabo da Asawase maganar baburan lantarki ta raba kan jama'a. Wasu na cewa yayi ne da ya shigo daga waje, zai wuce. Wasu kuma, musamman masu bin hanyoyin ƙauyukan koko, tambayarsu ita ce ko za a iya sauke injin tsohon babur ɗin daji, irin Yamaha AG ko DT da malaman gona suka daɗe suna hawa, a ɗora masa injin lantarki ya ci gaba da aiki. Duka ɓangarorin suna magana kamar jiya abin ya fara.

Abin da kowa ya sani ba sai an ja shi ba. Tun zamanin Turawa makanikai ke taruwa a Kumasi, taron da ya zama Suame Magazine, babbar unguwar makanikai. Daga baya baburan Sin da Indiya masu araha suka cika gari. A 2012 dokar hanya ta hana ɗaukar fasinja a babur don kuɗi, amma okada bai tsaya ba. A 2015 aka sakar wa kasuwa farashin mai, a ƙarshen 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin 100, sannan a Disambar 2023 Gana ta ƙaddamar da manufarta kan ababen hawa masu lantarki. Tsadar fetur ce ta sa mutane neman mafita, wannan gaskiya ne. Sai dai tsada ba ta koya wa kowa sana'a.

Inda aka koyi sana'ar shi ne shekarun dumsor, wato lokacin yawan ɗauke wuta a Gana, kuma nan ne ba a cika waiwaya ba. A watan Agustan 2012 ƙugiyar wani jirgin ruwa ta lalata bututun gas na Afirka ta Yamma kusa da Lome, gas daga Najeriya ya tsaya, ruwan madatsar Akosombo mai samar da lantarki kuma ya yi ƙasa. Zuwa 2015 akwai unguwannin da ke yin awa 24 babu wuta, a ba su ta awa 12. Tela ya zauna, mai aski ya zauna, mai sayar da kifin firji ya yi asara. Janareta na shan mai fiye da ribar shago, don haka aka koma ga batir da inbata da farantin sola.

Su wa suka haɗa waɗannan? Yaran da da can gyaran rediyo da talabijin da waya suke yi. Dole ta sa suka san yadda ake jera batura don ƙara ƙarfi, da yadda ake jera su don su daɗe, suka san bambancin bolt da amfiya, suka gane cewa siririyar waya tana zafi idan kaya ya yi mata yawa. Da batirin dalma ya dame su da nauyi da saurin mutuwa, sai suka fara fasa batiran tsofaffin kwamfutocin cinya da ake shigowa da su, suna zaro ƙwayoyin litiyam masu lamba 18650, suna gwada masu rai. A daidai wannan lokaci farashin batirin litiyam a duniya ke faɗuwa, ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020. Wutar ta dawo, ilimin kuma ya zauna a hannun mutane.

Na tsaya a nan ne saboda aikin ƙarfe ba shi ne wahalar juya babur ba. Sauke inji da tanki da salansa, yanka farantin da zai riƙe sabon inji a tsakiyar firam ya ja sarƙa, masta a Magazine zai gama wannan ba tare da kai ruwa rana ba. Ga babur ɗin daji ma tsakiyar ta fi, domin injin da ke cikin tayar baya yana ƙara mata nauyi, kuma kowane rami kai tsaye yake dukansa. Batir ne ke cin mafi yawan kuɗin, shi ne kuma ke yanke nisan tafiya.

Raunin ma daga tarihin ya fito. Batirin da aka koyi haɗawa a dumsor a kusurwar ɗaki yake zaune, yana ciyar da fanka da ƙwan fitila a hankali. Na babur yana girgiza a kan jan burji, yana shan ƙurar hunturu da ruwan damina, kuma a hawan tudu ana zuƙe masa wuta mai yawa lokaci guda. Ƙwayoyin da shekarunsu ba ɗaya ba sukan yi zafi ba daidai ba. Idan aka liƙa su da ƙarfen dalma maimakon na'urar walda ta ɗigo, zafin kansa yana illata su. Idan kuma don rage kuɗi aka ƙi saka ƙaramin allon da ke daidaita caji, ana iya samun gobara, kuma a zango ɗakunanmu manne suke da juna, a ƙofar ɗaki ake cajin babur da dare. Wannan yana damuna ƙwarai.

Don haka wanda zai kai tsohon AG ɗinsa a juya, ya tambayi mai haɗin ko sababbin ƙwayoyi ne daga tushe guda, ko akwai allon kariya da fiyus, ko akwatin yana hana ruwa shiga, sannan ya auna nisan ƙauyen da zai je da inda zai sami soket a can.