Waiwaye: Yadda Masana Halayyar Jama'a Suka Samu Kujera A Ɗakin Yaƙi Da Annoba

A hedikwatar Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Janiba, da hukumar kare lafiyar al'umma ta Birtaniya, da ofisoshin UNICEF, yau akwai manyan ma'aikata waɗanda aikinsu bai shafi allura ko awon jini ba. Wasu ilimin zamantakewa suka karanta, wasu nazarin tunanin ɗan Adam, wasu al'adun al'ummai. Abin da ake biyan su su sani shi ne yadda mutane za su yi idan cuta ta ɓarke: wa zai kai marar lafiya asibiti, wa zai ɓoye shi a ƙuryar ɗaki, wa zai wanke gawa cikin dare kafin jami'ai su iso. Shekara talatin baya da wuya ka sami irin wannan mutum a teburin da ake yanke shawara. Kuma duk wanda ya bi sawun yadda aka kafa waɗannan kujeru, dole hanya ta biyo da shi ta Kano.

Tushen abin dai a Amurka yake. A shekarun 1950 hukumar lafiyar ƙasar ta riƙa zagaya unguwanni da motocin ɗaukar hoton ƙirji kyauta don gano tarin fuka, amma jama'a ba su fito yadda aka zata ba. Sai wasu masana tunanin ɗan Adam da ke cikin hukumar, irin su Godfrey Hochbaum da Irwin Rosenstock, suka shiga tambayar mutane dalili. Suka gano cewa wanda ya yarda cutar za ta iya kama shi ko da yana jin garau, kuma ya yarda gano ta da wuri zai amfane shi, shi ne ke zuwa. Kyauta kaɗai ba ta kawo mutum. Duk da wannan, an daɗe ana ajiye masu irin wannan ilimi a wutsiya. Likitoci su gama tsara komai, sannan a kira "masu wayar da kai" a ce su buga fasta, su ɗauki lasifika su zagaya kasuwa. Tun zamanin majigi muka san wannan salo a Arewa.

A tsakiyar 2003 ne salon ya ci karo da bango. Shirin kawar da shan inna daga duniya, wanda aka ƙaddamar a 1988, ya yi nisa sosai, ƙasashe kaɗan ne suka rage. Sai jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da ɗigon rigakafin, bayan da Dokta Datti Ahmed na Majalisar Ƙoli ta Shari'ar Musulunci da wasu malamai suka yi zargin an gurɓata maganin da abin hana haihuwa. Sauran jihohin sun janye matakin bayan 'yan watanni, Kano kuwa ƙarƙashin Malam Ibrahim Shekarau ba ta koma ba sai ƙarshen Yulin 2004, bayan an samo magani daga kamfanin Bio Farma na Indunusiya, ƙasar Musulmi. Kafin ƙura ta lafa cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan ashirin da a da suka rabu da ita, har Sudan da Yaman da ita kanta Indunusiyar. A 2006 yara fiye da 1,100 ne cutar ta kama a Najeriya.

Zargin hana haihuwa bai tabbata ba, kuma yaran da suka nakasa a dalilin wannan tsaiko suna nan cikinmu, sun zama magidanta. Amma kiran abin jahilci, kamar yadda jaridun waje suka yi ta yi, bai warware komai ba, domin iyaye suna da dalilansu. A 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta kashe mutum fiye da dubu goma a Najeriya, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana da ke Kano, cikin gwajin da ya ƙunshi yara kusan 200. Goma sha ɗaya suka rasu. Kamfanin ya ce sanƙarau ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ga yaƙin Iraƙi da aka fara a shekarar ta 2003. Ga kuma tambayar da kowane mai ɗigo ya sha ji a ƙofar gida: ƙyanda na kashe mana yara, zazzaɓin cizon sauro na kashe su, in mun je asibiti sai mun sayi ko da farasitamol, me ya sa wannan ɗaya tak ake biyo mu da shi har ɗaki kyauta? Tambaya ce ta mai hankali, kuma shirin ba shi da amsarta a lokacin. Ko sunan cutar ma darasi ne da aka tsallake. Wanda ya gaji cewa Inna ce, iska, ke shanye ƙafar yaro, ba zai ga alaƙar hakan da ɗigo biyu a baki ba sai an zauna da shi an yi magana ta fahimta.

Abin da ya gyara lamarin shi ne sauya shirin kansa. Daga 2006 aka fara haɗa ɗigon da wasu abubuwan da iyaye ke so, kamar sauran allurai da bitamin da sabulu, daga baya kuma aka kafa sansanonin duba marasa lafiya kyauta a unguwannin da ake ƙin karɓa. A 2009 sarakunan Arewa ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar suka kafa kwamitinsu na kiwon lafiya, aiki ya gangaro daga hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa. Yawan masu kamuwa ya sauko daga 388 a 2009 zuwa 21 a 2010. Aka ɗauki dubban mata 'yan unguwa suna shiga gida gida, suna zuwa suna da biki, suka san kowace mai jego da sunanta. Waɗanda cutar ta nakasa suka fito a kan kekunansu suna roƙon iyaye. Ba a samu wannan da arha ba: a Fabrairun 2013 'yan bindiga sun kashe mata tara ma'aikatan rigakafi a Kano. An ga cutar ta asali karo na ƙarshe a Borno a 2016, aka ayyana Afirka ta rabu da ita ranar 25 ga Agustan 2020.

Darasi na biyu Ebola ce ta koyar da shi, kuma da jini. Tun a 2000, lokacin ɓarkewarta a Gulu ta Yuganda, Hukumar Lafiya ta Duniya ta gayyaci masanin al'adu Barry Hewlett, wanda ya tarar ƙabilar Acholi suna da nasu tsarin keɓe marar lafiya idan annoba ta zo, tsarin da jami'ai ba su taɓa tambaya a kai ba. Ba a ɗauki abin da muhimmanci ba sai da annobar Afirka ta Yamma ta 2014 zuwa 2016 ta kama mutum fiye da 28,000, ta kashe fiye da 11,000 a Gini da Laberiya da Saliyo. Gawar mai Ebola tana yaɗa cutar sosai, don haka aka riƙa zuwa cikin fararen kaya kamar aljanu, a ɗauke mamaci a leda, dangi ba su yi masa wanka ba, ba su sallace shi ba, wani lokaci ba su san ma inda aka binne shi ba. A Monrobiya, babban birnin Laberiya, har ƙona gawa aka wajabta. Mutane suka koma ɓoye marasa lafiya. A Satumban 2014, a ƙauyen Womey na Gini, aka kashe mutum takwas daga tawagar faɗakarwa, har da 'yan jarida.

A wannan shekarar ce wata masaniyar al'adu 'yar Kamaru, Julienne Anoko, ta nuna amfanin wannan sana'a a fili. Wata mai ciki ta rasu a yankin ƙabilar Kissi, al'adarsu kuma ta hana binne uwa da ɗa a ciki, likitoci kuwa suka ce fiɗa gawar haɗari ne babba. Aka yi cirko-cirko. Anoko ta bi dattawa har ta samo wanda ya san wata al'adar fansa da ke maye gurbin fiɗar, aka kawo akuya da farin yadi da shinkafa da gishiri da mai, aka yi jana'iza ba tare da an feɗe gawar ba. A Nuwamban 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar binnewa cikin aminci da mutunci, wadda aka tsara tare da malaman Musulunci da na Kirista, ta ba da damar taimama maimakon wanka, da likkafani, da sallar gawa daga ɗan nesa.

Mu ma a nan mun ɗanɗana. Bayan wani matafiyi daga Laberiya, Patrick Sawyer, ya shigo da cutar Legas a Yulin 2014, ma'aikatan da suka ƙware a yaƙin shan inna ne aka kwaso, Dokta Faisal Shuaib ya jagoranci cibiyar gaggawa, aka bi sawun mutum kusan 900, cutar ta tsaya a mutum 20, takwas suka rasu, ciki har da Dokta Stella Adadevoh da ta hana Sawyer fita daga asibiti. Amma kowa ya tuna daren Agusta da wayoyi suka yi ta ƙara ana cewa a tashi a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Aƙalla mutum biyu suka mutu ta wannan hanya, a garuruwan da Ebola ba ta taɓa takawa ba.

Kujerun manya na dindindin kuwa ta wata ƙofar suka shigo. A 2010 gwamnatin David Cameron a Birtaniya ta kafa wani ƙaramin sashe ƙarƙashin David Halpern don amfani da ilimin halayya a harkokin mulki, daga biyan haraji zuwa kiwon lafiya, ƙasashe da yawa suka kwaikwaya. Da korona ta zo, Birtaniya na da kwamitin masana halayya da ke ba gwamnati shawara. A nan ma aka ga iyakar abin. A Maris ɗin 2020 manyan jami'ai suka kafa hujja da cewa in aka rufe gari da wuri mutane za su gaji da bin doka, sai ɗaruruwan masana halayya suka rattaba hannu a wasiƙa cewa ba su ga shaidar hakan ba. An ari sunan iliminsu an yi aiki da zato. A shekarar ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa kwamitin ƙwararru kan halayya ƙarƙashin masanin shari'a Ba'amurke Cass Sunstein, a Mayun 2023 kuma babban taron lafiya na duniya ya zartar da ƙuduri na farko da ke kiran ƙasashe su saka wannan ilimi cikin tsarin lafiyarsu.

Mai riƙe da irin wannan muƙami yau yawanci yana da digiri na biyu ko na uku da shekaru na aikin fage. Lokacin zaman lafiya yana auna yardar jama'a da hukuma, yana gwada saƙonni kafin a buƙace su, yana shiga atisayen shirin ko-ta-kwana, yana ƙulla zumunci da limamai da ungozomai da wanzamai da masu kemis. Idan cuta ta ɓarke yana tattara jita-jita kullum daga rediyo da WhatsApp da bakin kasuwa, ya kai teburin shugabanni. Girman muƙamin yana da dalili guda a ganina: ƙaramin ma'aikaci zai iya gyara kalmomin sanarwa, amma sai babba ne zai iya duban kwamishina ya ce masa dokar ce ba za ta biyu ba, mai cin abinci daga fitar yau ba zai zauna gida sati biyu ba sai an kai masa hatsi. Inda aka hana shi wannan iko, ya koma ɗan talla, kuma jama'a ba sa daɗewa kafin su gane ɗan talla. A gabashin Kwango, inda aka zuba kuɗi kan Ebola aka bar mutane da rashin tsaro da rashin magani, an kai wa cibiyoyin jinya hare-hare, aka kashe Dokta Richard Mouzoko, shi ma ɗan Kamaru, a Butembo a Afrilun 2019.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, yawancin abin da ake koyarwa a wannan fanni a ƙofofin gidajenmu aka koyo shi, daga bakin matan da suka sha zagi da kora a lungunan Kano da Zariya da Katsina, amma ba safai ake jin sunayenmu a manyan kujerun ba. Masu ilimin kuwa muna da su. Jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Danfodiyo suna yaye masu ilimin zamantakewa da aikin jarida duk shekara, a Yamai kuma cibiyar bincike ta LASDEL ta shafe fiye da shekara ashirin tana nazarin yadda ma'aikatan asibiti ke mu'amala da marasa lafiya, wanda shi ne rabin matsalar da ba a son faɗa. Mafi yawan guraben da ake da su a ƙasashenmu na kwangila ne, kuɗin masu ba da agaji ke riƙe da su, kuma da Amurka ta rushe hukumarta ta ba da agaji, USAID, a 2025 shirye-shirye da dama suka tsaya cak. Mashaƙo da ya addabi Kano a 2023 yana da rigakafi tun shekaru aru-aru, yana cikin alluran da ake yi wa jarirai kyauta, kuma mafi yawan yaran da ya kama ba a kammala musu allurar ba.