Waiwaye: Yadda aka gano hannun ɓeran daji a cututtukan kaska

A Zariya, idan aka ambaci kaska, hankali kan shanu yake tafiya, kuma da dalili. Makiyayi ya saba tsince ta a hantsar saniya da ƙarƙashin wutsiya, masana kuwa a Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyar binciken dabbobi ta Shika sun daɗe suna nazarin ɓarnar da take yi wa garke. Tun a 1893 Theobald Smith da Fred Kilborne suka tabbatar a Amurka cewa kaska ce ke yaɗa zazzaɓin shanun Texas. Abin da ya ɗauki lokaci kafin a fahimta shi ne inda ita kaskar take kwaso ƙwayar cutar da take sa wa mutum.

Cutar Lyme na cikin waɗanda suka fito da amsar fili. A 1975 aka ga yara da yawa suna fama da kumburin gaɓoɓi a garin Lyme na jihar Connecticut, a 1982 kuma Willy Burgdorfer ya wallafa bayanin ƙwayar da ke haddasa ta. Daga baya aka gane cewa 'ya'yan kaskar da ke yaɗa ta ba sa ƙyanƙyashewa da cutar. Sai sun sha jinin dabbar da ke ɗauke da ita, musamman wani ɓeran daji mai fararen ƙafafu, suke ɗaukarta, su yi saɓa, sannan su ciji mutum. Shi ɓeran yana yawo da ita ba tare da ta kwantar da shi ba.

Labarin da ya fi kusa da mu na Senegal ne. A 1917 aka ga ƙwayar zazzaɓi mai tafiya ya dawo a jinin jaɓa a Dakar, kuma binciken da aka shafe shekaru ana yi a ƙauyen Dielmo ya nuna cewa wata kaska mai taushin jiki tana zaune cikin ramukan ɓeraye, har waɗanda bakinsu ke cikin ɗakin kwana. Da dare take fitowa, ta sha jini cikin mintuna ta koma, mai barci bai ji ba. Zazzaɓin kan sauka ya sake tashi bayan kwanaki, sau da yawa a ɗauke shi maleriya. Masu binciken sun danganta bazuwar kaskar zuwa kudu da farin da aka shiga tun wajajen 1970.

A ganina, yankin da rumbu da gona da ɗakin kwana suke maƙwabtaka kamar karkarar Zazzau ya cancanci a binciki ramukan ɓera da gafiya da kurege da irin himmar da aka ba wa garke, musamman inda zazzaɓi ya ƙi jin maganin maleriya.