Tsohon keken ɗinki na hannu da na ƙafa

Tsohon keken ɗinki shi ne wanda ake juya shi da ƙarfin jiki, ko dai da mariƙin da ke jikin gargaren dama, ko da taka feda wadda igiyar fata ta haɗa ta da kan keken. A Turai da Amurka ya zama kayan tarihi da masu sha'awa suke tarawa, amma a Maradi har yau abin neman abinci ne, domin ba ruwansa da wutar lantarki, ko ta zo ko ta ɗauke allura tana tafiya.

Wani tela Bafaranshe, Barthélemy Thimonnier, ya yi rajistar kekensa a 1830, sai dai teloli ƴan uwansa sun farfasa masa kekunan don tsoron rasa sana'a. A Amurka Elias Howe ya sami rajistar ɗinki mai zare biyu a 1846, Isaac Singer kuma ya biyo baya a 1851 da keken da ya fi jure aiki. Daga baya kamfanin Singer ya gina babbar masana'anta a Kilbowie da ke Clydebank a Sikotilan, wadda ta yi aiki har 1980. Harafin K da ake gani bayan lambar samfuri, kamar 15K ko 99K, alama ce ta cewa daga can keken ya fito, lambar da aka buga a kan farantin ƙarfen gindinsa kuma ita ke nuna shekarar da aka ƙera shi.

Samfurin da ya fi yaɗuwa shi ne na 15. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masana'antun Japan sun kwaikwaye shi da yawa, haka ma na Sin, kuma Butterfly ta Shanghai da ta cika shagunan teloli a kan fasalinsa aka yi ta. Wannan ne dalilin da ya sa kayan gyaransa ba su wuya: allura da ƙoshiya da kwarkwaron zare na sabon keke sukan shiga na tsoho, ana kuma samun su a babbar kasuwar Maradi, wasu ta hanyar Jibiya da Katsina suke shigowa.

Aikinsa ya rataya ne a kan zare biyu. Allura tana shigar da na sama cikin yadi, ƙoshiya ta kama shi ta zagaya da shi bayan na ƙasa, su ƙulle a tsakiyar yadin, sannan haƙoran da ke ƙarƙashi su ja shi gaba. Idan zare ya cukurkuɗe a ƙasa, galibi na sama ne ya yi sako-sako, abin da ɗan koyo yakan daɗe bai gane ba.

Masu tarawa suna duba zanen ruwan zinariya da ke jikin baƙin fenti, da akwatin katako na asali, da ƙarancin samfurin. Telan Maradi ba ya damuwa da wannan sosai. Shi yakan juya gargare ya kasa kunne, ya ninka ƙyallen shadda huɗu ya ɗinka, sannan ya juya bayan ƙyallen ya ga ko layin ya miƙe. A ganinsa keken da fentinsa ya goge a inda hannu ke dafawa ya riga ya nuna ingancinsa, kuma yana da gaskiya. Na hannu ya fi dacewa da matan da ke ɗinki a cikin gida da masu ɗinkin yawo, waɗanda ke saɓa shi a kafaɗa suna kaɗa almakashi, na ƙafa kuwa shi ke ɗaukar nauyin ɗinkin Sallah, tun da hannu biyu suna kan yadi.

Babban abokin gabansa ƙurar hunturu ce, wadda ke haɗuwa da burbushin zare ta toshe ƙoshiya. Ana share ta, a ɗiga man keke mara kauri a ramukan da aka tanada. Man gyaɗa, duk da yawansa a yankin, ba ya dacewa, domin yana daskarewa ya riƙe ƙarafan, sai mai gyara ya wanke su da kananzir kafin keken ya sake juyawa.