Makarantun sakandare na gwamnati a karkarar jihar Maraɗi

Makarantar sakandare ta karkara, wadda mutanen ƙauye suka fi kira kwaleji ko kuma lakwal kawai, ita ce makarantar gwamnati da yaro ke shiga bayan ya gama shekara 6 na firamare. A jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, wadda ƙidayar 2012 ta ba ta mutum sama da miliyan 3 da dubu 400, ana samun irin waɗannan makarantu a manyan ƙauyuka da cibiyoyin gundumomi na Tasawa, Mayahi, Dakwaro, Agye, Gazawa, Madarumfa, Gidan Rumji da Barmo. Kwaleji ɗaya kan ɗauki yaran ƙauyuka da dama da ke kewaye da ita.

Tsarin karatu

Dokar da ta shata tsarin ilimin Nijar ita ce ta 1998, wadda ake taƙaita sunanta da LOSEN. Matakin farko na sakandare shekara 4 ne a makarantar da ake kira CEG, kuma ƙirgen azuzuwan baya-baya yake tafiya irin na Faransa: daga aji na 6 zuwa aji na 3, inda ake rubuta jarrabawar BEPC. Mataki na biyu, wato lise, shekara 3 ne, ya ƙare da jarrabawar bakaloriya da ɗalibai ke ce wa bak. Inda aka haɗa matakan biyu wuri guda, sunan makarantar CES. Akwai kuma makarantun Faransanci da Larabci, waɗanda iyaye da yawa a karkara suka fi sakin jiki da su.

Ana ba da maki bisa 20. Wanda matsakaicin makinsa ya kai 10 ya wuce gaba, wanda ya gaza ya maimaita aji, in kuma gazawar ta yi yawa a sallame shi.

Abin da ke riƙe ƙoƙarin ɗalibi

Babban shingen harshe ne. Yaron da ya tashi da Hausa a gida da gona da kasuwa, ko da Fulatanci a rugar iyayensa, a aji ana koya masa lissafi da tarihi da kimiyya duk da Faransanci, sannan tun shekarar farko a ɗora masa Turanci. Da yawa suna isowa daga firamare ba su iya karanta shafi guda su gane ba. Sai ka ga yaro ya kwafe duk abin da mushe, wato malami, ya rubuta a allo da kyakkyawan rubutu, ya haddace shi tsaf, amma da an juya tambayar sai ya yi tsuru. Shi ya sa aji na 6 ya fi kowane aji cika, ya kuma fi kowanne zubar da yara. Kuskure ne a ɗora wannan a kan ƙwaƙwalwar ɗan ƙauye, domin yaron nan shi ne ke lissafin tiyar gero da canjin sefa zuwa naira a ka ba tare da alƙalami ba.

Na biyu shi ne gajartar shekara. A takarda ana komawa a watan Oktoba a tashi a Yuni. Sai dai Oktoba lokacin girbin gero da roron wake da cirar gyaɗa ne, kuma makarantar da azuzuwanta na zana ne dole ta jira a samu kara kafin a kafa rumfuna. Ruwan farko kuwa yana iya tashin ajin tun kafin a gama manhaja. A tsakani ga yajin aikin malamai 'yan kwantiragi, waɗanda su ne ke riƙe da yawancin azuzuwan karkara, sau da yawa kan jinkirin biyan kuɗinsu; ga kuma na ɗalibai ƙarƙashin ƙungiyarsu ta USN. Haɗarin ajin zana ya fito fili a watan Nuwamban 2021, lokacin da gobara ta kashe yara sama da 20 a wata firamare cikin birnin Maraɗi.

Zaman ɗalibai

Wanda ƙauyensu ke kusa yakan yi sammako a ƙasa ko a keke, cikin hunturu da ƙurar buji, ya dawo cikin zafin bazara da ke haura digiri 40. Wanda ke nesa sai uba ya nema masa mai masauki, ɗan'uwa ko abokin cinikin kasuwa, ya aiko da 'yan tiyoyin hatsi. Wani masaukin gida ne na gaske. Wani kuwa yarinya ce za ta yi daka, ta ɗebo ruwa, ta yi wanke-wanke, sai bayan isha ta buɗe littafi da hasken tocila, idanu na lumshewa. Samari kan haɗu su kama ɗaki, su riƙa jiƙa garin rogo da ƙuli-ƙuli, ranar Juma'a ko Asabar a koma gida ɗauko guzuri. Gab da jarrabawa ana kafa ƙungiyoyin bita, a samu bango a shafa masa baƙin fenti ya zama allo.

'Yan mata ne suka fi saurin fita. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, a Maraɗi kuma adadin ya kai kashi 89. Uba da yawa ba ƙin boko yake ba, tsoron barin 'yarsa a gidan wani yake ji. A Disamban 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare yarinya 'yar makaranta, daga baya kuma shugaban ƙasa na lokacin, Mohamed Bazoum, ya sa gina makarantun kwana na 'yan mata cikin manyan alkawuransa. Maza kuma ci-rani ke janye su, zuwa Katsina da Kano ko wuraren haƙar zinariya a arewa. A yankunan Madarumfa da Gidan Rumji da ke bakin iyaka, matsalar 'yan bindiga ta ƙara wa iyaye fargabar doguwar hanya.

Kwamitin iyaye da malamai da ake kira COGES shi ke tara kuɗin zana da gyaran tebura. Wanda ya samu BEPC, in garinsu babu lise, sai ya sake neman wani masaukin a babban gari, kuma wanda ya ci bak daga cikinsu yana iya zarcewa Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke Maraɗi.