Daga murya ba ya sa kurma ya ji ka

Wallahi abin nan yana damuna, da zarar kurma ya shigo shago ko ofis sai ka ga an hau yi masa ihu wai don ya ji. Ihu fa ba ya taimakawa, yana bata siffar lebe ne ma, kuma wanda ke sa na'urar kara ji karar har ciwo take sa masa a kunne.

Sannan wai duk kurma yana karanta lebe, a'a. Tsaya gaban madubi ka ce baba ka ce mama ba tare da sauti ba, iri daya za ka gani, to shi da cinke yake cike sauran, balle in ka juya masa baya ko ka rufe baki da takunkumi. Yaren hannu ma ba daya ba ne a duniya, na Amurka daban na Ingila daban duk da Turanci suke ji.

Ka fuskance shi a wurin haske, ka yi magana yadda ka saba, in ya kakare ku rubuta a waya. In ma'aikacinka ne, ku samo tafinta ranar mitin, kararrawar gobara kuma a hada mata fitila mai walkiya.